Tsakiyar Kifi

Shekara tara na yi a Ikko,
a madafar otal, da farar hula,
ina gasa wa baƙi wani kifin teku
da suke kira tuna,
jan nama kamar na ɗan maraƙi.
A ƙanƙare yake zuwa, ba kai, ba wutsiya.
Ban taɓa ganin idonsa ba.

Ga abin da aka koya mini:
kasko ya yi zafi har ya soma huci,
mai kaɗan, gishiri, masoro,
ka ɗora, ka ƙirga sittin, ka juya,
ka ƙirga sittin, ka sauke.
Baya ya yi ɓawo, ciki ya zauna ja.
Sai wani mai baƙar kwat ya rusuna wa baƙo,
ya raɗa masa wane ruwan inabi ne abokin tafiyar.
Ni kwalaben na sani da tsadarsu,
harshena bai taɓa kai musu gaisuwa ba.

Yau ga ni a Yelwa.
Da hantsi na gangara bakin ruwa,
Nomau ya ɗago giwan ruwa daga jirgi,
tana buɗe baki kamar mai sauran magana.
Mun haɗa ido.
Na zaɓi tsokar baya, kaurin yatsu biyu.

Inna Kulu ta ara mini kaskon ƙosai
da hannu ɗaya, ɗayan yana ƙugu.
Na hura gawayi, na shafe naman da riɗi,
man gyaɗa cokali guda.
Caaa! Kaji suka watse.
Na ƙirga sittin, na ƙara talatin
don ɗan kogi ba ɗan teku ba ne,
na kuma ƙara goma don kunyar gida.

Saura abin sha.
Zoɓo da kanumfari? Yana da yawan surutu,
zai hana kifi magana.
Kunun aya? Zai kwanta masa a ka.
Na jiƙa tsamiya, na daka citta,
zuma ɗigo uku, na tace sau biyu,
na ɗanɗana, na ce madalla,
yau ni ne mai baƙar kwat.

Baba Jabbi yana tabarma, yana ɗinkin koma.
Ya ajiye zare, ya tsaga da yatsa,
ya daɗe yana duban tsakiyar.
Ya ce, “Arzika, gawayi ya ƙare a gidan nan?
Wanga kihi, in ka maishe shi ruwa,
ai sai ya yi iyo.”
Yara suka faɗi da dariya.
Na miƙa hannu in ɗauke akushin,
ya riƙe mini wuyan hannu.

Ya kai loma.
Ya tauna a hankali, da haƙoran da suka saura.
Kiran la'asar ya zo ya same shi bai ce komai ba.

Can ya ce, ba da ni ba,
da gungumen da ke jingine da katanga:
“Wani dare, bayan tsibiri,
ruwan sama ya kashe muna wuta,
ni da Gado.
Haka muka ci shi, baya baƙi, ciki ɗanye,
muna rawar ɗari muna dariya.
Gado bai ga wata damina ba.”
Ya sake kai loma.
“Shekara arba'in ina cin kihi,
ashe wanga nike nema.”

Na tura masa kofin tsamiya.
Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ture.
“Ɗebo min na randa.
Da abin da ya sha ake raka kihi.”

Na ɗebo.
Ya shanye moɗa guda, ruwa na bin gemu.

Inna Kulu kuwa ta mayar da nata kasko,
ta soya shi har ya yi ƙaras,
ta barbaɗa yaji, ta ce yanzu ya musulunta.

Ni na shanye tsamiyata a tsaye.
Kuma wallahi ta dace.